Daga Yashin Wudil Zuwa Ƙwanƙolin Dutsen Kamaru

Wanda aka haifa a Wudil, in ya ce maka ya san dutse, to, dutsen niƙa ya ke nufi. Ƙasar a shimfiɗe ta ke kamar tabarma. Ka tsaya bisa gadar garin da hantsi, ka duba gabas ka duba yamma, ba abin da zai tare maka ido sai itatuwa da ƙurar manyan motoci masu bin hanyar Maiduguri. Kogin da ke wucewa ƙarƙashin gadar ya nufi Haɗeja, shi ma a hankali ya ke tafiya, gama ba gangaren da zai sa shi sauri. Ran Jumma'a kasuwa ta cika, Kara ta batse da shanu. Garin yana da makarantar horon 'yan sanda, da jami'ar kimiyya wadda aka buɗe a 2001, saboda haka ganin samari suna gudu a bakin titi da asuba ba baƙon abu ba ne. Amma gudun hawa da gangara, wannan sai an bar gida.

To, a Kamaru maƙwabciyarmu akwai wani tsere da a ke yi kowace shekara a watan Fabrairu. Daga filin wasa na Molyko a cikin garin Buea a ke tashi, a hau dutsen nan da a ke kira Dutsen Kamaru har ƙwanƙolinsa, sa'an nan a juyo a sauko inda aka tashi. Tafiya da komowa wajen kilomita 38 ne. Mai karatu zai ce, ai wannan bai kai gudun fanfalaki ba, wanda ya ke kilomita 42 da ɗoriya. Gaskiya ne. Akwai ma waɗanda suka ninka shi nesa ba kusa ba. A Afirka ta Kudu tun 1921 a ke yin tseren Comrades tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90. A Turai kuma tun 2003 a ke kewaye dutsen Mont Blanc a guje, wajen kilomita 170, a ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, mutum ya kwana biyu a kan ƙafa. Amma fa nisa ba shi kaɗai ne awo ba. Dutsen Kamaru tsayinsa ya haura mita 4,000 daga bakin teku, babu wanda ya kai shi a duk wannan sashi na Afirka, mai tseren kuwa zai hau fiye da mita 3,000 da ƙafafunsa kafin rana ta take. Chappal Waddi, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne kurum. Gwanayen duniya kan gama fanfalaki cikin awa biyu da 'yan mintoci. Wanda ya zo na ɗaya a Buea kuwa yakan yi wajen awa huɗu da rabi.

Bari mu ɗauka akwai saurayi a gidanku a Wudil wanda zuciyarsa ta kwanta da wannan tsere. Me zai yi?

Abin da zai fara yi ba gudu ba ne. Asibiti zai tafi, likita ya saurari zuciyarsa, ya auna jininsa. Kada iyaye su ɗauki wannan da wasa. A tseren 2024 wani ɗan Kenya, Charles Kipsang, wanda ya daɗe yana gaba a ran nan, ya iso filin wasa da ƙyar, ya yanke jiki ya faɗi, bai tashi ba. Mutum ne da gudu shi ne sana'arsa, daga ƙasar da ta fi kowa 'yan gudu. Mai yawan zazzaɓin sauro wanda jininsa ya ragu, ko mai hawan jini bai sani ba, dutsen ba ya yi masa rangwame don ya zo daga nesa.

In likita ya yarda, sai a koma kan abin da Wudil ke da shi. Tana da yashi. Da rani, sa'ad da ruwa ya janye, gefen kogin yakan bar fili mai faɗi inda motocin yashi ke lodi. Gudu cikin yashi mai zurfi yana cin ƙafa ƙwarai: ka taka, ƙasa ta zame, ka yi aikin taki biyu ka sami ɗaya. Wannan kuwa ya yi kama da abin da ke jiran mutum a saman dutsen, inda baƙar toka ke zamewa ƙarƙashin takalmi. Sai dai yashi ba ya koya wa mutum hawa. Don haka sai ya riƙa shiga mota zuwa Kano, kilomita 40 ke nan, ya hau matakan Dala ya sauko, ya hau ya sauko, har yaran unguwa su gaji da kallonsa. Dala tudu ne mai daraja, a gindinsa aka kafa Kano, amma ga wannan aiki ɗan tsugunno ne. Sai ya hau shi sau da yawa ƙwarai a rana guda kafin ya kusanci abin da zai hau a Buea.

Abin da mutumin fili bai sani ba shi ne, saukowa ta fi hawa ɓarna. In kana hawa, numfashi ne ke ƙarewa, ka tsaya kaɗan ya komo. In kana gangarowa a guje, naman cinya ne ke riƙe nauyinka duka a kowane taki, kamar birkin mota mai lodi, yana yayyagewa kaɗan kaɗan ba ka sani ba. Wanda bai saba ba, kafin ya kai rabin gangaren ƙafafunsa sun zama kamar na wani. Ba magani sai sabo, sabo kuwa watanni ya ke ci. Wata shida bai yi yawa ba.

Sa'an nan ga maganar iska. A Wudil, wadda ba ta kai mita 500 daga bakin teku ba, iska cike ta ke. A mita 4,000 kuwa, kowane numfashi abin da ya ke kawo wa jini wajen kashi uku cikin biyar ne na wanda ka saba. Kai ya yi ciwo, zuciya ta tashi, ƙafa ta yi nauyi, wani ma hankalinsa ya rikice. Jiki yakan gyara kansa, ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, amma sai an yi mako uku ko huɗu a tudu. Wannan ne dalilin da ya sa galibin waɗanda ke cin tseren 'yan tsaunukan wajen Bamenda da Kumbo ne, har da Fulanin da suka tashi suna bin shanu a can. Haka kuma a Nijeriya, in ana zancen dogon gudu, 'yan Filato a kan ambata, musamman na wajen Pankshin. Saboda haka wanda ke da dangi a Jos ko Pankshin, lokacin ziyara ya yi. Jos ta haura mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabas da ita sun kai mita 1,829. Bai kai rabin Dutsen Kamaru ba, amma ya fi gadar Wudil. Wata guda a can, yana hawa yana saukowa, ya fi masa wata uku a yashi.

Hunturu zai taimake shi a abu ɗaya. Wanda ya saba fita da asubar Janairu, sanyi yana yanka kunne, ba zai firgita ƙwarai ba sa'ad da ya tarar da iskar saman dutse. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Ka bar Molyko kana gumi, ka kai sama yatsunka sun ƙage, wani lokaci har da ƙanƙara a kan duwatsu. Ƙurar hunturu kuwa ba ta da wani amfani gare shi. Ran da hazo ya yi kauri, gara ya huta.

Abinci ba sai an nemo na kanti ba. Tuwo da miya, wake, kifin kogin, fura da nono, sun isa gina jiki. A hanya kuma dabino da ƙuli-ƙuli ba su lalacewa, ba su da nauyi. Abin lura shi ne gishiri. Mai gudun awa biyar yana zubar da gishiri mai yawa cikin gumi, in kuwa ya yi ta ɗura ruwa zalla, jininsa zai salance, ya galabaita, har abin ya kai ga suma. Ya koyi shan ruwa kaɗan kaɗan da ɗan gishiri da sukari tun yana gida.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke kawo gardama a tsakar gida. A shekarun nan wanda ya zo na ɗaya, namiji ko mace, yakan karɓi sefa miliyan 10. Jin wannan kan sa saurayi ya ce a sayar da ɗan bijimi a Kara, zai komo da garke. A ganina iyaye su faɗa masa gaskiya tun da wuri: ɗaruruwa ne ke tashi, mutum ɗaya ke ɗaukar wannan kuɗi, shi ma kusan kullum ɗan dutse ne. Baƙon da ya je karo na fari, in ya kai sama ya komo da ƙafafunsa cikin lokacin da aka yanka, ya yi abin a yaba. Kuɗin mota da na masauki da na takardu, a lissafta su a kan ba za su komo ba. In gidan zai iya ɗauka, madalla. In sai an taɓa rumbu, a jira baɗi. Mai aure kuma ya zauna da matarsa su yi wannan lissafi tare, gama ita za a bari da yara mako biyar ko shida.

Takardu ba su da yawa. Fasfo, da katin allurar rigakafin shawara. Ɗan Nijeriya mai gajeriyar ziyara ba ya bukatar biza. Amma Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ko sefar ma dabam ce. Ta Nijar da ta Kamaru darajarsu ɗaya, amma takardun ba ɗaya ba ne, mai shago a Garwa ba zai karɓi ta Damagaram ba. Rajistar tseren kuwa tana hannun hukumar wasannin guje-guje ta Kamaru, sai a gama da ita tun kafin a bar gida.

Hanya uku ce. Mai hali ya tafi Legas ya shiga jirgin sama zuwa Duwala. Hanyar da ta fi gajarta a ƙasa ita ce ta Ikom, a ƙetare sabuwar gadar Mfum wadda aka buɗe a 2022, a bi ta Mamfe da Kumba. Amma tun 2017 a ke faɗa tsakanin sojan gwamnati da 'yan aware a jihohin nan biyu masu magana da Turancin Ingilishi, wannan hanya kuwa ta tsakiyar wurin ta ratsa. Ba na ba kowa shawara ya sa ɗansa a kanta. Saura ta uku, mai nisa, wadda fataken Hausa suka sani tun kaka da kakanni.

Daga tashar Wudil sai Birnin Kudu, Darazo, Dukku, Gombe. Bayan Gombe ƙasa ta fara sāke kama. Wajen Biliri da Kaltungo za ka ga dutsen Tangale tsaye shi kaɗai kamar an dasa shi, mutumin Wudil ya fara ɗaga kai. A Numan, inda Gongola ke shiga Binuwai, a ƙetare gada a nufi Yola. Kwana ɗaya ke nan. Kashegari a ƙetare iyaka zuwa Garwa, a fara jin Faransanci a bakin jandarma, amma a kasuwa Fulatanci da Hausa sun ishe ka. Daga Garwa zuwa Ngaundare kusan kilomita 280 ne, kafin a shiga garin mota takan yi ta nishi tana hawan wani dogon tudu mai kwana-kwana, a sama kuwa iska ta yi sanyi kamar ta Jos. Masu sauraron rediyo da yawa sun san sunan garin, gama a nan ne a ke shirya Sawtu Linjiila da Fulatanci, a nan ne kuma mishan na Lutheran daga Nowe suka kafa asibiti. A Ngaundare layin dogo ya ƙare, wanda aka gama a 1974. Jirgin yakan tashi da maraice, ya kwana yana tafiya fiye da kilomita 600. Ka yi barci a ƙasar ciyawa, ka farka a cikin kurmi. A Yawunde ka tambayi Briketeri, unguwar Hausawa, za ka sami tsire da shayi da wanda zai nuna maka tashar Duwala. A Duwala ma akwai 'yan uwa a New Bell.

Daga Duwala saura wajen kilomita 70. A ƙetare kogin Wuri, a ƙetare Mungo, a ratsa gonakin ayaba da roba da kwakwar manja na wajen Tiko, a Mutengene a juya a fara hawa. Sau da yawa baƙo yakan tambaya, ina dutsen? Gajimare ya rufe shi. Sai da sassafe, ko da maraice in sama ta washe, ya ɗaga ido ya ga abin da ya ɗauka hadari ne ashe ƙasa ce.

Buea gari ne da aka gina a jikin gangare, babban titinsa ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Mutanen wurin Bakweri ne, suna kiran ƙwanƙolin Fako. Jamusawa sun mai da shi babban birnin mulkinsu a 1901 don gudun zafi da sauron Duwala, gidan da gwamnansu Puttkamer ya gina yana nan har yanzu. Bayan yaƙin duniya na fari sai yankin ya koma hannun Ingila, aka haɗa mulkinsa da na Nijeriya. Watau akwai lokacin da ɗan Wudil zai zo nan ba fasfo. A ƙuri'ar 11 ga Fabrairu 1961 ne aka rabu: yankin arewa, su Mubi da Gembu, suka zaɓi Nijeriya, na kudu suka zaɓi Kamaru. Tushen rigimar yau yana nan. Ta kuwa taɓa tseren kansa. Ran 25 ga Fabrairu 2023, jim kaɗan bayan an tashi, abubuwa uku suka fashe a bakin hanya, mutum kusan 20 suka ji rauni. Aka ci gaba da tseren. Ran Litinin kuma a wurare da yawa na yankin ba a fita, kasuwa a rufe, mota ba ta tafiya. Baƙo ya shirya isowarsa a wata rana dabam, ya bi maganar mai masaukinsa.

Dutsen kansa mai aman wuta ne, bai kuwa mutu ba. Ya yi amai a 1909, har Jamusawa suka kwashe suka koma Duwala na ɗan lokaci. Ya yi a 1922, da 1959, da 1982, da 1999, da 2000. Bakweri na gargajiya suna cewa akwai mai dutsen, Efasa Moto, rabinsa mutum rabinsa dutse, kafin tsere kuma dattawansu sukan yi masa tsafi. Baƙo zai ji wannan zance a gari, ba kuwa wanda zai tilasta masa shiga.

A 1973 aka fara tseren, kamfanin giya na Guinness ne ya ɗauki nauyinsa shekaru da dama. Wani Babakweri, John Ekema, shi ya ci na farin. Cikin shekarun 1970 wani fada na Katolika mai suna Walter Stifter, wanda ya tashi a tsaunukan arewacin Italiya, ya ci sau uku a jere, abin da ya ba 'yan ƙasa mamaki ƙwarai. A 1996 tseren ya koma hannun hukumar ƙasar, aka sa masa suna Tseren Bege. Amma sunan da kowane yaro a Buea ya sani na mace ne, Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai. Ta ci sau huɗu a jere daga 1996 zuwa 1999, ta ƙara a 2001, da 2003, da 2005. Suna ce mata Sarauniyar Dutse. Mata masu karatu su lura, ba 'yar makaranta ba ce sa'ad da ta yi wannan.

Ran tsere, da sassafe a ke tashi. Kilomitocin fari a kan kwalta ne, titin garin ne tun daga ƙasa har sama, jama'a maƙil dama da hagu suna kiɗa suna ihu. A nan baƙo kan yi kuskure, ihu ya ɗebe shi ya zuba ƙarfinsa duka a kan titi. Inda kwalta ta ƙare sai gonakin gidan yari, sa'an nan kurmi: saiwoyi, laka, inuwa, gumi. Bukka ta ɗaya tana cikin kurmin. Gaba kaɗan itatuwa su yanke kamar an sa wuƙa, sai ciyawa da baƙin dutse, ga hawa a miƙe kamar bango. Daga nan zuwa bukka ta biyu ba mai gudu, ko gwanaye tafiya su ke yi, hannu bisa gwiwa, waɗansu da sanda. Yara da tsofaffi a bukkokin ƙasa su ke juyawa. Bayan bukka ta uku ba ciyawar kirki, sai toka da iska mai ture mutum. A ƙwanƙoli akwai masu rubuta lamba, a shaida ka kai, ka juya. In sama a washe ta ke, teku na can ƙasa, da tsibirin Biyoko, amma ba mai tsayawa kallo.

Saukowar ita ce abin gani. 'Yan ƙasa, waɗansu da takalmin roba irin na kasuwa, sukan saki jiki su gangaro kamar awaki, suna tsalle daga dutse zuwa dutse. Dutsen da wuta ta amayar yana da kaifi kamar fasasshiyar kwalba, da yawa sukan iso ƙasa da jini a gwiwa da tafin hannu. Saurayinmu kada ya bi su. Ya sa safar hannu, ya gajarta taki, ya bar su su wuce. In ya komo kan kwalta, saura kilomitocin nan da ya raina da safe, yanzu kuwa rana ta yi zafi, cinya ta mutu. Amma mutanen Buea ba su san baƙo ba a wannan wuri. Duk wanda ya sauko, mata za su yi masa guɗa irin tasu, yara su bi shi a guje har ƙofar filin wasa.

Kashegari Lahadi ce, gama a shekarun nan ran Asabar a ke yin tseren. Ba zai iya sauka matakala ba sai da baya. Kada ya shiga doguwar mota a wannan hali. Bayan sujada ya gangara Limbe a bakin teku, tafiyar ƙasa da awa guda. Garin ne da Alfred Saker na mishan ɗin Baptis ya kafa a 1858, ya kira shi Victoria, sai a 1982 aka sāke masa suna. Yashin bakin tekun baƙi ne wuluk, gama daga dutsen ya fito, ɗan Wudil zai so ya ƙulla kaɗan a leda ya kai wa masu lodin yashi su gani. In ya ci gaba yamma kaɗan zuwa Bakingili, zai tarar da inda narkakken dutsen 1999 ya gangaro ya tare hanyar mota, ya sandare a nan, tudu guda baƙi, aka karkata hanyar ta kewaye shi. Gaba da nan akwai Debunsha, inda ruwan sama na shekara ya kan kai milimita 10,000, watau fiye da abin da Wudil ke samu cikin shekara goma. A Limbe akwai matan da ke gasa kifi a bakin ruwa, da soyayyar ayaba da barkono. Yanzu yana iya cin abin da ya ga dama, wanda kafin tsere aka hana shi taɓa baƙon abinci. Ya kwana biyu a nan, ya bar Litinin ta wuce, ran Talata ya kama hanyar Duwala.